Zuwa Ga Kabiru, Kan Ciwon Gidanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Kabiru, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun sauka lafiya kai da Baffanka Idi, kuma an ba ka wurin kwana mai kyau a makarantar. Allah Ya tsare ka a inda idona ba ya kaiwa, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya sa ka shiga a sa'a. Na sa wannan takarda a ƙarƙashin ledar ƙuli-ƙuli ne don na san nan za ka fara buɗewa.

Ka ga na rubuta sunanka. Tun ranar da aka raɗa maka shi bakina bai taɓa faɗarsa a gabanka ba. "Kai" nake ce maka, in ina maganarka da wasu kuma in ce "yaron nan", saboda kai ne ɗan fari, kuma haka muka tashi muka ga iyayenmu suna yi. A takarda na ga zan iya.

Ba labarin gida zan ba ka ba, gida yana nan yadda ka bar shi. Magana ɗaya ce ta hana ni sukuni. Shekaranjiya ka same ni a bakin kanal ina ba albasa ruwa. Ka tsaya kana kallon ruwan, ba ka kalle ni ba, ka ce, "Baba, don Allah kada a gaya musu."

Na ce, "Su wa?"

Ka ce, "'Yan makarantar. A nan kowa mai faɗuwa yake ce mini. Can ba wanda ya san ni."

Na ce maka to. Ka juya ka tafi, na bi ka da ido har ka haye kwalbati. Tun lokacin wannan "to" ɗin take zaune mini a ƙirji. Na san abin da ya sa ka roƙa. Na ga yadda wasu matan unguwa suke janye 'ya'yansu idan za ku ci abinci a kwano ɗaya, na ga kana zaune a kan gaɓa sa'o'inka suna ƙwallo. Ban ce ba ka da gaskiya ba. Amma bari in gaya maka inda shiru ya kai ni, sannan ka auna.

Kana jin ana ambaton Baffanka Habu, ƙanena da ke bi mini, wanda ya rasu tun ba a haife ka ba. Muna samari, idan shinkafa ta fara nuna, mu ake turawa korar tsuntsu. Ka san yadda jan-baki yake saukowa kamar hayaƙi. Ni ina zama a rumfa ina jan igiyar gwangwanaye. Habu ba shi da wannan zaman. Sai ya bi kan gaɓa da gudu yana ihu yana kaɗa riga. Wata rana yana cikin gudun sai na ga ya kife. Na ɗauka santsi ne. Da na isa na tarar fuskarsa ta yi toka, idonsa a buɗe amma ba ya ganina. Kafin in san abin yi ya ja dogon numfashi ya tashi zaune.

Abin da ya fara faɗa shi ne, "Yaya, kar ka faɗa a gida. Inna ta ji, ta hana ni kokawa."

Na ce, "Kai, ka ga fuskarka kuwa?"

Ya ce, "Yunwa ce. Kai da kake zaune kamar tsohuwa mai kaɗi ina za ka san yunwa?"

Muka yi dariya, na yi shiru. Ya sake faɗuwa a wannan kakar, na sake yin shiru, har ina jin ni ɗan'uwa ne mai riƙon amana. Bayan an gama girbi aka yi kokawa a dandali da samarin wani ƙauye. Habu ya ka da nasa, makaɗa suka ɗauki kirarinsa, mata suna guɗa, ya ɗaga hannuwa sama yana zagaye fili. Sai ya durƙusa kamar zai gyara wani abu a ƙafarsa. Bai ƙara tashi ba. Aka ce mutanen wancan ƙauyen ne suka jefe shi, har saura kaɗan a zubar da jini. Ni kaɗai na san ya taɓa faɗuwa a gona inda babu abokin karawa, babu mai jifa, sai ni da tsuntsaye. Ban buɗe baki ba.

Ban ce da na faɗa za a gane ciwon a wancan lokacin ba. Amma Inna za ta hana shi kokawa, kuma Inna idan ta hana abu ya hanu. Don haka ka sani, ba duk abin da aka ce ka rufe ne amana ba. Idan mai roƙon shiru ransa ne a kan hanya, wanda ya yi masa shirun bai taimake shi ba.

Ni ma na faɗi. Ba ka san yadda aka yi ba, babarku ma sai daga baya ta ji. Wata ranar ruwanmu ce, ranar da ake sako wa ɓangarenmu, tumatir ya yi yaushi, muka yi ta jira ba ko ɗigo. Na bi kanal ɗin sama na tarar wani Tanko ya tare shi da buhunan ƙasa ya karkatar gonarsa. Lokacin ina da zafin kai. Na nufe shi da shebur ina zagi. Sai na ji wani abu yana fuffuka a ƙirjina kamar kaza a cikin kwando, duniya ta yi duhu. Na farka a cikin laka, Tanko yana yi mini fifita da malafarsa, yana cewa, "Sale, don girman Allah kar ka mutu a gonata! Ɗebi ruwan duka, har na gobe na bar maka!"

Daga ranar na fara lura da kaina. Na ga zan wuni ina huɗa a rana ba abin da zai same ni. Amma in raina ya ɓaci farat ɗaya, ko aka razana ni, ko na yi gudu, sai fuffukar nan ta taso. Sai na koyi tafiya a hankali, na koyi haɗiye magana. Yau mutane suna cewa Sale mai haƙuri, har a zaure ana misali da ni idan yara sun yi faɗa. Ba halina ba ne tun asali, Kabiru. Tsoro ne ya koya mini, ya daɗe har ya zama hali.

Wannan haƙurin kai ma sai ka nemo shi, tun kafin wata faɗuwar ta koya maka. Makarantar kwana akwai manyan ɗalibai masu neman wanda za su taka. Za a zage ka, za a ɗauke maka bokiti, wani zai ce ɗan ƙauye mai warin albasa. Bar masa bokitin. Ka ce to, ka wuce. Wanda ya ce kai matsoraci ne bai san abin da kake ɗauke da shi a ƙirji ba.

Amma kuskurena shi ne na koyi darasin ni kaɗai na ajiye. Na san abin da ya same ni shi ne ya sami Habu. Ban faɗa wa kowa ba, don lokacin ina neman auren babarku, kuma ka san da an ce mutum yana faɗuwa to maganar aure ta mutu.

Sai ƙanwarka Zulai. Wannan kai ma kana wurin, amma akwai abin da ba ka sani ba. Ranar da ta fara faɗuwa suna wanka ne a kanal da ƙawayenta, mata masu wanki suka tsamo ta. Dattawa suka ce mutanen ruwa ne, wai dama da aka haƙa kanal ɗin an tuge wata tsohuwar tsamiya a daidai wurin. Aka yi hayaƙi, aka yi rubutu, aka ɗaura mata laya, aka ce kada ta ƙara zuwa bakin ruwa. Ni da na ga fuskarta a ranar, fuskar Habu na gani, tokar nan iri ɗaya. Amma na karɓi maganar mutanen ruwa hannu biyu, har na ji sanyi a raina. Ka san dalili? Ruwa ana iya hana yaro zuwa. Idan kuwa abin a jinina yake, ina zan hana ta zuwa?

Muka hana ta ruwa, muka ce an gama.

Gab da Sallah na bi motar tumatir zuwa kudu. A hanyar dawowa na ga irin takalman nan na yara masu kawo wuta a dunduniya idan an taka. Ta daɗe tana yi mini maganarsu tun da ta gani a ƙafar wata yarinya a Kura. Na sauka daga acaɓa a bakin lungu da la'asar, na hango ku a can ƙarshe, ƙarƙashin darbejiya. Da na yi haƙuri na ƙarasa gida na miƙa mata a hannu. Amma ɗoki ya ɗebe ni. Na ɗaga takalman sama na ƙwala kira, "Zulai! Albishirinki!"

Ta ce, "Goro! Goro, Baba, fari ƙal!" Ta taho da gudu, ɗankwalinta ya faɗi ba ta waiwaya ba.

Kai ba ka yi gudu ba. Ka tsaya a jikin katanga kana kallo, don ɗan fari ba ya rugawa wurin ubansa. Ita ce 'yar lelen da aka yarda in ɗauka in yi wa wasa a gaban kowa. Ba ta kai rabin lungun ba.

Muka zuba mata ruwa, aka fasa albasa aka kai hancinta, wata tsohuwa tana neman cokali a sa mata a baki. Abin da muka sani ke nan. Na yarda kwananta ne ya ƙare, ban yi jayayya da hukuncin Allah ba. Amma muryar da ta kira ta tawa ce, kuma ni kaɗai a lungun nan na san gudu da murna suna iya ka da ɗan gidanmu.

To ka ji wannan da kyau, don shi ne mutane suka fi kasa ganewa. Ba fushi da tsoro kaɗai ba, murna ma tana tayar da shi. Ban ce kada ka yi farin ciki ba, Allah Ya ba ka abin farin ciki mai yawa. Amma idan aka ce maka albishir, nemi wuri ka zauna kafin ka ce goro. Idan aka kira sunanka a gaban taro ka ci jarrabawa, taka a hankali ka je ka karɓa. Abin da yake naka zai jira ka.

Saura wadda ta fi yi mini nauyin rubutawa, don kai na yi wa.

Kakar da ta biyo baya, ranar bugun shinkafa a gonar gado. An shimfiɗa tamfol, an kwantar da duro, ku yara kuna gasar wanda zai riga gama daminsa, ana yi muku kirari. Dattawan gidanmu suna zaune a inuwar mangwaro, har da ƙannen kakanka. Kana ɗaga dami sai ka sulale a kan tarin. Ni na fi kowa kusa da kai. Wallahi zuciyata ta riga ta isa wurinka, amma ƙafata ta ƙi ɗagawa. Abin da ya zo mini shi ne idon dattawan nan, da yadda za a ce ga Sale can yana rawar jiki a kan ɗan fari, ba kunya ba kawaici. Na ji bakina yana cewa, "Ku duba yaron can."

Ku duba yaron can. Bayan na binne Zulai.

Baffanka Idi ne ya tsallake tarin shinkafa ya ɗauke ka. Allah Ya sa ka farfaɗo da kanka. Da ka buɗe ido na ga ka duba inda nake tsaye, sannan ka kawar da kai. Ba ka taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban taɓa yi maka ba.

Da yamma Idi ya same ni a zaure. Ƙanena ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Ya ce, "Yaya, kunyar me? Ka binne ɗaya, kana tsaye kana jira a yabe ka a kan na biyu?"

Na ce, "Idi, ka san al'ada."

Ya ce, "Na san ta. In ya mutu dattawan ne za su haifa maka wani? Gobe asibitin birni za mu, ko ka bi mu ko ka zauna ka yi ta kawaici."

Ka yafe mini wannan tsayuwar, Kabiru. Kunya abu ne mai kyau, da ita aka raine mu, ban ce ka yar da ita ba. Ka ji kunyar malamanka, ka ji kunyar ɗaukar abin wani. Amma kunyar da za ta sa mutum ya tsaya yana kallon rai yana fita, ko ya rufe bakinsa a kan ciwonsa, wannan na gwada ta, na ga abin da take biya. Kuma da ka zo mini a bakin kanal kana kallon ruwa kana roƙon a yi shiru, ita na gani a jikinka. A wurina ka koya.

Ka tuna abin da likitan birni ya fara tambaya, kafin ma ya taɓa ka. Ya ce akwai wanda ya taɓa mutuwar farat ɗaya yana yaro ko saurayi a danginku? A ɗakin nan na fara faɗin sunan Habu da na Zulai a jere, na ƙara da tawa faɗuwar, babarku tana zaune tana ji. Aka manna maka wayoyi a ƙirji, inji ya fito da doguwar takarda mai zane. Aka ce ni ma in kwanta. Zanen namu ya zo iri ɗaya.

Sunan ciwon da Turanci ne, ban riƙe ba, yana cikin katin da ke aljihun akwatinka. Amma bayanin na riƙe. Ya ce zuciya tana da wata irin wuta tata da ke tsara mata bugu. Tamu idan aka zabure ta, da gudu ko fushi ko razana ko murna ko faɗawa ruwa, sai wutar ta rikice, zuciyar ta koma karkarwa maimakon bugu, jini ya daina kaiwa kai. Ni yadda na gane shi, kamar injin ban-ruwa ne idan ya shaƙi iska, yana ta ƙara yana girgiza amma tiyo a bushe. Wani lokaci ya kama da kansa, wani lokaci bai kama ba. Ya ce gado ne, ba kowane gida ke da shi ba, ba a ɗaukarsa a kwano ko a tabarma, ba farfaɗiya ba ce, ba kuma iska ba.

Don haka ƙwayar nan da muke sha ni da kai, kada ka tsallake ta ko rana ɗaya, ko kana jin ƙarfi kamar doki. Idan ta kusa ƙarewa ka je wurin masu wayar kuɗi ka kira Baffanka tun da sauranta. Idan zazzaɓi ya kama ka kada ka karɓi magani a hannun aboki ko a kemis, likita ya ce akwai magungunan zazzaɓi da na mura da suke tsokano ciwon, sai an ga katinka tukuna. Ba iyo, ko a kududdufi. Ba ƙwallo, ba tsere.

To yanzu ka gaya mini, duk wannan yaya za ka yi shi a ɓoye? Ranar da malami ya ce kowa ya fito gudun safe, me za ka ce? Ranar da babban ɗalibi ya sa ku tsallen kwaɗo daga ɗakin kwana zuwa ɗakin cin abinci, ka ce masa me? Na san ka. Ba za ka ce komai ba. Za ka durƙusa ka kama kunne ka fara tsalle tare da kowa, don kada a ce kai daban ne. Kuma idan ka faɗi, yaran da ke kewaye da kai za su yi abin da muka yi wa Zulai, ruwa da albasa da cokali, don ba wanda ya gaya musu wani abu. Likitan ya faɗa mana wata magana da ban manta ba, ya ce ƙwaya tana rage haɗari, amma wanda ya faɗi ba shi ne zai tashi ya ceci kansa ba, sai na kusa da shi.

A gida na kusa da kai sun sani. Babarku ta koyi danna ƙirji yadda aka nuna mana, Idi ya koya, ni ma na koya. Can kuwa ba ka da kowa.

Saboda haka "to" ɗin da na ce maka a bakin kanal, na janye ta. Na faɗe ta ne don na kasa kallon fuskarka in ce a'a, irin yadda na kasa ce wa Habu.

Ga abin da nake so. Ka ɗauki katin ka kai wa malamin da ke kula da ɗakin kwananku, da bakinka ka yi masa bayani, ya kai ka wurin shugaban makaranta da mai ba da magani. Sannan ka duba yaron da gadonsa ke kusa da naka. Ba mai surutu ba, ba mai yawan dariya ba, ka nemi wanda idan abu ya faɗi shi ne yake fara sunkuyawa ya ɗauka. Ka gaya masa. Ka nuna masa inda ake ɗora hannu a tsakiyar ƙirji, da yadda ake dannawa da ƙarfi ba tsayawa idan numfashi ya ɗauke, wani kuma ya ruga neman mota. Na fi son ya fito daga bakinka, don wanda ya faɗi ciwonsa da kansa ba a cika samun abin yi masa gori ba.

Juma'a mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan bar wa Idi ban-ruwa in zo. Idan na tarar ka faɗa, zan gaishe da malamanka in ajiye maka ɗan abin da babarku ta ƙulla in juyo. Idan na tarar ba ka faɗa ba, zan shiga ofis in faɗa, kana tsaye.

Na san me wannan zai jawo maka. Wataƙila sunan da ka gudu ka bari a nan ya bi ka can. Wataƙila ka sake zama a gefen fili kana kallo, shekara da shekaru. Za ka ce Baba ya yi alkawari ya saɓa, kuma gaskiyarka. Ka yi fushi da ni. Ko hutu ka zo ka ƙi shiga zaure ka gaishe ni, zan ɗauka, in dai ina jin motsinka a tsakar gida.

Allah Ya daidaita bugun zuciyarka, Ya kare ka daga razana da sharrin mai sharri. Allah Ya ba ka ilimi mai amfani da tsawon rai, Ya sa kai za ka binne ni, ba ni zan binne ka ba. Allah Ya jiƙan Habu, Ya jiƙan Zulai. Babarku tana gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka da safe.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sale